Gadon Alli: Tarihin Aikin Malanta a Arewa da Hanyoyin da Ya Buɗe

Ranar da aka kafe sunayen waɗanda suka sami shiga jami'a, na tarar da nawa a tsangayar ilimi. Washegari da hantsi sai ga kawuna ya yi sallama, ashe jaje ya zo yi mini. Ya zauna a zaure, ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri. Baɗi sai ka sake zama jarrabawa, ko Allah zai sa a ba ka karatun lauya ko na likita." Mahaifina yana zaune a gefe bisa buzunsa, mutumin da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, amma bai ce uffan ba. Shirun nan nasa ya fi maganar kawu yi mini ciwo.

Da dare ya kira ni ɗakinsa, ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A cikinta akwai takardar shaidar malanta ta kakana, ta yi ja don tsufa, da littafinsa na shirya darasi wanda wani mai duba makarantu ya bi ya sa wa hannu da jan tawada, sai kuma takardar shi mahaifin nawa. Ya ɗaga ta farko ya ce, "Saboda wannan dagaci ya ba kakanka 'yarsa." Ya ɗaga ta biyu ya ce, "Da wannan kuwa na taɓa yin wata biyar ban ga albashi ba. Ka je ka binciko abin da ya faru a tsakaninsu, sa'an nan ka yanke shawara." Abin da na binciko shi ne zan shimfiɗa a nan, domin na san akwai ɗalibai da yawa a kwalejoji da jami'o'i da ke ɗauke da irin tambayar da na kwana da ita a wannan dare.

Malanta kafin zuwan boko

Bahaushe bai jira zuwan Bature ba kafin ya san darajar mai koyarwa. Kalmar malam kanta, wadda a yau muke girmama kowane namiji da ita, asalinta sunan mai koyarwa ne. Yaro yakan fara da makarantar allo, ya wuce zuwa makarantar zaure inda ake karanta littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri. Daga wannan zaure ake samun alƙali da liman da magatakardan fada da mai ba sarki shawara, kuma kowanensu ba ya barin koyarwa don ya sami muƙami. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 30 yana karantarwa da wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara kafin hijirar 1804, kuma almajiransa ne suka zama jagororin daular da aka kafa.

'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara abin da a yau za a kira horon malamai mata. Takan zaɓi dattijuwa mai natsuwa ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar izini, ita kuwa jajin ta jagoranci matan ƙauyuka da ake kira 'Yan Taru, tana isar musu da karatu ta hanyar waƙoƙi. Ke nan tun a wancan zamani malanta gindin bishiya ce mai rassa, kuma mata suna da nasu reshen.

Daga Ɗan Hausa zuwa Kwalejin Katsina

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nassarawa ta Kano. Cikin waɗanda ya fara tarawa har da malaman zaure, aka koya musu rubutun boko da lissafi domin su koma lardunansu su koyar. Da makarantu suka ƙaru, aka ga buƙatar wurin horon malamai na musamman, sai aka kafa Kwalejin Katsina. Ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta bisa ƙa'ida a 1922. An mayar da ita Kaduna a 1938, daga nan zuwa Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Abin lura game da wannan kwaleji shi ne yadda ake shigarta. Daga kowane lardi 'yan ƙalilan ake tsamowa, waɗanda suka fi kowa hazaƙa, a horar da su shekara biyar, sa'an nan a mayar da su aji. Ahmadu Bello ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934 lokacin da aka naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya koyar a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta. Kashim Ibrahim ya koyar a Barno, Aliyu Makaman Bida ya shugabanci Midil ta Bida. Bayan komawar kwalejin Kaduna, Aminu Kano da Shehu Shagari da Maitama Sule duk sun fito sun kama alli. A ƙetaren iyaka ma haka abin yake, domin Diori Hamani da Boubou Hama da Djibo Bakary, manyan 'yan siyasar farko na Nijar, duk da koyarwa suka fara.

Rassan da suka tsiro

Reshe na farko da ya tsiro daga ajin boko shi ne na rubutu. A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi ya zagaya Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, domin ɗalibai sun iya karatu amma babu abin karantawa. Wajen malamai ya fi nufa. A gasar ne aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, dukansu ukun kuwa malaman makaranta ne. Daga nan Imam ya tafi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Adabin Hausa na boko da aikin jarida na Hausa duka a hannun malaman aji suka tashi.

Reshe na biyu shi ne na gudanar da ilimi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara tura malaman Arewa ƙaro karatu a Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Landan. Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945, Aminu Kano ya bi baya a 1946. Waɗanda suka dawo suka zama jami'an ilimi na En'e da masu duba makarantu da masu horon malamai. A 1948 Aminu Kano ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa domin neman gyaran albashi da yanayin aiki, abin da ke nuna cewa kukan malami ba yau ya fara ba. A cikin shekarun 1950 kuma aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Coomassie ya yi fice, aka buɗe ajujuwan manya a zaurukan masu unguwanni. A ɓangaren Arabiyya, Makarantar Shari'a da aka kafa a Kano a 1934 ta zama Makarantar Koyon Ilimin Larabci a 1947, tana fitar da alƙalai da malamai, wasu daga cikinsu aka tura su Bakht er-Ruda ta Sudan neman ƙwarewa a dabarun koyarwa.

Reshe na uku shi ne siyasa, kuma shi ne ya fi kowane girma. Aminu Kano ya ajiye aikinsa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru a 1950 ya rungumi gwagwarmaya. Makaman Bida ya zama Ministan Ilimi na Arewa a 1952, Sardauna ya zama Firimiya a 1954, Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962, Shagari kuma ya zama Shugaban Ƙasa a 1979.

A nan ne na fara gane wani abu da ban taɓa ji a bakin masu yabon zamanin da ba. Wannan ɗaukaka ita ce ta fara rarake aikin. Da aka doshi samun mulkin kai, Arewa tana neman 'ya'yanta da za su maye guraben Turawa a ofisoshi, babu kuwa inda ake samun masu ilimin boko da yawa sai a makarantu. Duk ƙofar da aka buɗe, ta majalisa ko ta aikin gwamnati ko ta banki, daga aji ake ɗiba a cika ta. Ƙasa ta amfana ƙwarai, amma an saba wa mutane da kallon aji a matsayin zango, inda matafiyi ke yada kaya kafin ya wuce.

Zamanin kakana da tsanin takardu

Kakana bai kai Katsina ba. Irinsu su ne masu yawa, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba: ya gama elementare da Midil, ya shiga makarantar horon malamai ya fito da takarda mai daraja ta uku, aka tura shi wani ƙauye a ƙasar Katsina. Shi ne hedimasta, shi ne mai rubuta wa mutane wasiƙa, shi ne mai karanta musu Gaskiya ranar kasuwa, kuma kekensa na cikin 'yan ƙalilan da ke garin. A gabansa akwai tsani bayyananne. Mai daraja ta uku in ya yi 'yan shekaru yana aiki sai ya koma ya samo ta biyu, wadda aka fi sani da Giredi Tu, daga nan ya zama hedimastan babbar firamare ko mai duba makarantu. Kowane mataki da ƙarin albashinsa.

A 1960 Kwamitin Ashby ya miƙa rahotonsa kan ilimi mai zurfi, ya nuna irin ƙarancin ƙwararrun malamai da ƙasar ke fama da shi. A sanadiyyar haka aka ƙara wa tsanin wani mataki, wato takardar NCE ta shekara uku, aka kafa manyan kwalejojin horon malamai. Ta Zariya ta fara a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, ta Kano kuma ta biyo baya. Daga lokacin ɗan talaka na iya tashi daga ajin firamare, ya bi ta Giredi Tu da NCE, har ya kai ga digiri. Da yawa daga cikin shehunan malaman jami'o'inmu na farko ta wannan hanya suka hau.

Ambaliyar 1976

Mahaifina ɗan zamanin UPE ne, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda Janar Obasanjo ya ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Niyyar kyakkyawa ce, kuma miliyoyin 'ya'yan talakawa ta dalilinta suka san ƙofar makaranta. Sai dai ana iya gina aji a wata uku, amma ba a yin malami a wata uku. Aka buɗe kwalejojin horon malamai barkatai, aka gajarta horo ga wasu, aka ɗauki har waɗanda ba su ci jarrabawar fita ba, a wasu wuraren ma da waɗanda ba su taɓa samun horon ba sam. A shekarar ce aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin ta riƙa ɗaga darajar waɗanda ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa.

Ana cikin haka farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980. Nauyin firamare ya riga ya koma wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, su kuwa aljihunsu ya bushe. Albashi ya fara makalewa wata da watanni. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar naira, abin da ake biya ya daina kai iyali ƙarshen wata. A wannan tsakani ne mahaifina ya yi watanninsa biyar, yana zuwa aji da safe, da yamma yana gona, mahaifiyata tana sayar da ƙuli-ƙuli ana cefane. A lokacin ne maganar nan ta cewa ladan malami sai a lahira ta zama abin ba'a, masu gidajen haya suka fara gudun malami, iyayen 'yan mata ma haka.

Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da dokoki da hukumomi. An kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi a 1989, da Hukumar Rajistar Malamai a 1993. An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kafa dokarsa a 2004. An ayyana NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar koyarwa, Giredi Tu ta zama tarihi. A 2022 an sa hannu kan dokar da ta ba malami damar yin aiki har ya kai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Duk da haka ƙofar shiga ba ta gyaru ba. A 2023 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a shi ne 140 cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ba da sanarwar cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su ci gwajin da ta yi musu ba. An yi ta muhawara kan yadda aka gudanar da gwajin, amma babu wanda ya musa cewa akwai ciwo. A 1921 zaɓen zakaru ake yi a kai aji. Bayan shekara ɗari sai aji ya zama mafakar wanda ya rasa gurbi a wani fanni. Amsar tambayar mahaifina ke nan.

Hanyoyin da ke gaban ɗalibin yau

Da na kai nan a bincikena, na zaci ƙarshen zance ke nan. Amma da na jera hukumomi da cibiyoyin da wannan tarihi ya haifar, sai na ga rassan sun fi na zamanin kakana yawa nesa ba kusa ba. Mai NCE yana iya koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Mai digirin ilimi yana da babbar sakandare, in ya ƙara digiri na biyu da na uku yana da kwaleji da jami'a. Wanda ya karanta wani fanni dabam, kamar lissafi ko kimiyyar sinadarai ko tarihi, difilomar ilimi ta bayan digiri ta ishe shi ya yi rajista ya zama cikakken malami. Da yawa ma a lokacin bautar ƙasa, wadda aka faro a 1973, suke fara gano cewa suna da baiwar koyarwa.

A cikin makarantar kanta akwai shugabanci, da jagoranci da ba ɗalibai shawara, da kula da ɗakin karatu. A wajenta akwai aikin duba makarantu da tsare-tsare a ma'aikatun ilimi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi. Akwai tsara manhaja, aikin da hukumar NERDC ke yi tun 1988, da aikin auna fahimta da shirya jarrabawa a WAEC da NECO da JAMB. Akwai ilimin makiyaya, wanda aka kafa wa hukuma a 1989 mai hedikwata a Kaduna. Akwai ilimin manya, fagen da Kano ta yi suna a kansa tun da ta kafa hukumarsa a 1980. Akwai koyar da makafi da kurame da sauran masu buƙata ta musamman, wanda ake ƙwarewa a kansa a kwalejin tarayya ta Oyo da Jami'ar Jos, kuma Arewa na matuƙar ƙarancin masu shi. Akwai makarantun Islamiyya da tsangayu masu neman wanda ya haɗa ilimi biyu. Reshen Abubakar Imam ma bai bushe ba, domin har yau yaranmu na neman littattafan kimiyya da lissafi cikin Hausa mai daɗi, ga rediyo ga wayar hannu sun buɗe ajin da ba shi da bango.

Sai dai tarihin nan ya koya mini sharaɗi guda. Duk waɗanda na ambata, daga Imam zuwa Aminu Kano, sai da suka tsaya gaban yara suka iya koyarwa tukuna. Wanda bai taɓa fama da yaron da ya kasa haɗa baƙi da wasali ba, in ya tsara manhaja, ta takarda zai tsara. Mai duba makarantun da bai taɓa riƙe aji mai yara 100 ba, rahotonsa ba zai wuce ƙirga kujeru ba. Sai an sha wuya akan sha daɗi, kuma reshe ba ya rayuwa in an raba shi da gindi.

Kammalawa

Ba zan yaudari ƙannena da ke kwalejoji ba. Albashin malami har yanzu bai taka kara ya karya ba, kuma akwai wuraren da ake bin bashinsa. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, wajibi ne a ci gaba da nemansa kamar yadda malaman 1948 suka nema. Amma akwai rabin gyaran da ke hannunmu, shi ne mu daina shiga wannan aiki da sunkuyar da kai. Yaron da ke zaune a ƙasa a ajin ƙauye bai san makin da malaminsa ya ci ba, abin da ya sani kawai shi ne ko malamin ya zo, ko kuma ya iya. In masu hazaƙarmu duka suka guje shi, likitan da kawuna ke so in zama ba za a same shi ba a tsara mai zuwa, domin babu wanda zai koya masa karatu tun farko.

Ban sake zama jarrabawar ba. Na gama karatuna, yanzu shekarata ta uku ke nan ina koyar da aji huɗu, da dare kuma ina rubuta ɗan littafin lissafi da Hausa, wanda nake gwada kowane babi nasa a kan ɗalibaina kafin in wuce gaba. Ranar da na karɓo takardata na kai wa mahaifina. Ya duba ta ya daɗe, sa'an nan ya jawo adakar nan ya ɗora ta bisa sauran biyun, ya miƙo mini makullin. Kawu kuwa, a daminar bara ya kawo mini jikansa da ya kai shekara tara bai iya karatu ba, ya ce, "Malam, ga amana." Yaron yanzu yana karanta masa wasiƙa.